Tsakuwa ta Arba'in da Ɗaya

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya ba tsuntsu fiffike, ya ba kifi ruwa, ya ba wawa ƙafafu biyu don ya yi ta gantali. Wawan nan kuwa ni ne, Cindo wanzami, mai yatsu shida a hannun dama. Kun daɗe kuna damuna da tambaya a kan tsakuwar nan da na kafa a ƙofar ɗakin gyatumata, wadda ba na yarda kowa ya taka. To, yau ku gyara zama ku ji. Mai jiran aski ya yi haƙuri, sumarsa ba guduwa za ta yi ba.

Ina ɗan shekara ashirin da biyar na ji labarin wani birni wai shi Marmaru, can bayan ƙasashe bakwai, inda aka ce akwai tsofaffin wanzamai masu ɗinke rauni ya warke ba tabo. Na ce wallahi sai na koyo. Na rataya zabirata, na ce wa Innata kafin a yanke geron bana na dawo. Ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli a tsumma, ta ce Allah ya kiyaye hanya. An yanke gero sau goma sha uku kafin in dawo.

Abin da idon nan ya gani a tafiyar nan, ba ya faɗuwa a zama ɗaya. Na ratsa dajin da itatuwansa ke tashi da hantsi su tafi rafi shan ruwa, ka kwanta a inuwa ka farka rana na gasa ka. Na haye kogin da ke gudu gabas ranar Laraba, sauran kwanaki ya koma yamma. A wata ƙasa na yi wa sarkinsu aski, hannuna ya goce na ɗan yanke shi a kunne. Da ban shige cikin babbar gangar makaɗansa aka fita da ni ana jibgata sama da ƙasa ba, da yanzu wani ne ke yi muku aski.

A shekara ta goma sha ɗaya na iso gaɓar Tekun Gishiri. Teku ne, amma samansa ya daskare ya zama farin ɓawo, ƙarƙashinsa kuwa ruwa ne mai zurfin da ba a san iyakarsa ba. Hanya ɗaya tak ke ɗaukar nauyin mutum, faɗinta bai wuce na mutum uku a jere ba, ita ce ke kai wa birnin Kalgamu da ke ƙetare. An ce mini daga Kalgamu zuwa Marmaru tafiyar wata biyu ce kawai. Ina murna ina cewa wahala ta kusa ƙarewa, sai na ji tsinin mashi a ƙeyata.

Ashe yaƙi na faɗo ciki. Wasu mutanen hamada da ake kira Zarkawa, mahaya jimina, sun taso za su ƙwace rijiyoyin Kalgamu. An bar dakaru arba'in a kan wani dutse da ke bakin hanyar, su tare abokan gaba kwana uku, har mutanen ƙauyuka su gama hayewa da tsofaffinsu da awakinsu. Waɗannan dakarun ne suka kama ni, suka kai ni gaban shugabansu, Jarmai Anaruwa.

Na zaci zan ga wani ƙato mai jan ido. Sai ga wani gajere, siriri, mai giɓi, yana zaune yana ɗinke wa wani dakare takalmi. A wuyansa akwai 'yar jakar fata da ta sha jiki. Ya buɗe zabirata, ya ga asake da ƙahoni da madubi, ya ce, "Wanzam, Allah ne ya jefo mana kai. Ina da masu rauni shida. Ka iya tsai da jini?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na iya. Amma gara in faɗa maka tun yanzu, ni matsoraci ne na gaske."

Ya yi dariya har giɓinsa ya fito. Ya ce, "Duk nan matsorata ne. Kai dai ka fi mu gaskiya."

Wani ƙaton dakare mai suna Mantau, wanda nake yi wa ƙaho a kafaɗa, shi ya yi mini bayanin jakar. Ya ce a Kalgamu, duk wanda zai fita yaƙi sai ya tsinci tsakuwa a ƙofar ɗakin uwarsa, ya zana mata shaidarsa, ya ba jarmai. Jarmai ya zuba su a jaka ya rataya a wuya. Inda jakar ta nufa, nan dakaru za su nufa, kuma babban abin kunya ne mutum ya tsaya baya tsakuwarsa ta yi gaba. In an dawo, a ƙofar birni za a tsaya, jarmai ya miƙa wa kowa tasa, ya je ya mayar inda ya ɗauko. Wanda bai dawo ba, jarmai da hannunsa zai sa tsakuwarsa a tafin uwarsa, yana kallon idonta, kafin ya sha ko ruwa.

Mantau ya rage murya ya ce, "Shekara huɗu da suka wuce, tsakuwa goma sha bakwai ya sa a hannun iyaye mata a wuni ɗaya. Wata daga cikinsu ba ta yi kuka ba, godiya ma ta yi masa. Wannan godiyar ce ta kwantar da shi ciwo wata guda. Da ya tashi ya rantse a gaban jama'a, muddin jakar nan na wuyansa, ba zai sake sa tsakuwa a hannun wata uwa ba."

Na ce, "Shi tasa tsakuwar fa, wa ke riƙe masa?"

Ya ce, "Jarmai ba shi da tsakuwa. Ranar da aka naɗa shi ake jefa ta rijiya, don ba wanda ke samansa da zai ɗauke ta."

Na ga yaƙi kwana biyu a kan dutsen nan, daga bayan wani ƙaton falali inda na laɓe da masu raunina. Zarkawa su taso a kan jiminunsu, tsuntsaye masu tsawon raƙumi, su yi ruwan kibau su juya. Duk inda abin ya fi zafi, nan za ka ga gajeren mutumin nan, ba ihu ba zagi, yana kiran kowa da sunansa. In an raba ruwa shi ne na ƙarshen sha. Wallahi tun ina mamakinsa har na koma jin tausayinsa, don na lura ko cikin faɗa hannunsa na hagu yakan kai ga jakar nan ya shafa.

Rana ta biyu da la'asar aka samu sarari, ya ce in gyara masa gemu. Kun san bakina ba ya zama shiru. Ina wasa aska na ce, "Ranka ya daɗe, kowa da tsakuwarsa, ni fa? Ko ni ba ɗan uwa ba ne?"

Ya ce, "Ina ƙofar ɗakin uwarka?"

Na ce, "Ai in an miƙe ba tsayawa, tafiyar shekara biyu ce."

"Yaushe rabonka da ita?"

"Shekara goma sha ɗaya."

"Ta san kana da rai?"

Sai na hau kame-kame ina ba shi labarin Marmaru da ɗinkin da ba ya barin tabo. Da na gama ya shafa gemunsa, ya dubi hannuna na dama ya daɗe yana kallo. Can na hango shi a gefe ya duƙa yana kankare wani abu da tsinin wuƙa. Na ce a raina kibiya yake gyarawa, na ci gaba da sha'anina.

Da safiyar rana ta uku hayaƙi ya tashi daga Kalgamu, alamar mutanen ƙauye sun gama hayewa. Jarmai ya ƙirga mutanensa, arba'in cif, masu rauni na dogara masu lafiya. Muka sauko muka kama hanyar gishiri. Ba mu yi nisa ba sai ga ƙura a bayanmu. Jimina ba ta da nauyin doki, ga faɗin ƙafa, sai suka taho a guje kamar a kan dandali, sun fi ɗari biyu. Na fara salati.

Jarmai ya ce, "Wanzam, kawo madubinka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gado ne, tun na kakana."

Ya karɓa ya maka shi da ƙotar gatari. Wayyo madubina! Ya sa kowa ya tuɓe zobe da duk wani abu mai ƙyalli, har asakena guda biyar, aka watsa su a hanya. Ni ban san jimina ba ta iya wuce abu mai walƙiya ba sai ran nan. Suna isowa tsuntsayen suka ci birki suka hau tsattsaga, na baya suka yi karo da na gaba, mahaya suna ta dukansu suna zagi, su ko a jikinsu. Muka samu rata mai kyau.

Amma guda ɗaya ta tsallake da mahayinta. Mantau da ke ƙarshen layi ya juya ya tare ta, ya kayar da mahayin, ita kuwa ta sakar masa shuri ta karya masa cinya. Ya faɗi yana cewa mu tafi. Kafin wani ya motsa, Jarmai ya koma da gudu shi kaɗai, kibau na sauka gabansa da bayansa. Ya mirgina ƙaton nan a kan garkuwa, ya ɗaura rawaninsa a jikinta, ya jawo shi har cikinmu. Kibiya ɗaya ta tsaga masa kunne. Na ce in ɗaure, ya ce in bari sai mun isa.

Rana ta take tsaka muka iso inda suke kira Wuya. Nan ɓawon gishirin ya yi siriri, tsawon taku kamar sittin, ana hango baƙin ruwa na motsi a ƙarƙashi. Ginshiƙi ɗaya ne na gishiri a tsakiya ke riƙe da wurin duka. Muka haye ɗaya bayan ɗaya, aka ja Mantau a hankali. Daga nan zuwa Kalgamu sauran tafiyar rabin wuni, ga masu rauni, ga Zarkawa sun shawo kan tsuntsayensu sun sake tasowa. Ko ni da ban san yaƙi ba na gane za su cim mana tun ba mu yi rabi ba.

Jarmai ya ce, "Sai an karya Wuya. In an sare kan ginshiƙin, duka za ta rufta."

Kowa ya san mai saran a tsakiya zai tsaya, kuma ba zai samu damar fitowa ba. Mantau ya ɗago daga kan garkuwa ya ce, "Jarmai, ku mai da ni can ku ba ni gatarin. Ni na riga na zama kaya."

Jarmai ya ce, "Tsakuwarka tana cikin jakar nan, Mantau. So kake in je in tsaya gaban tsohuwarka? Na rantse, kuma kana wurin." Wasu uku suka yunƙuro, ya ba su amsa iri ɗaya. Sannan ya ce, "Aikin nan na wanda ba shi da tsakuwa ne."

Jama'a, sai na tuna mu biyu ne a wurin ba mu da tsakuwa. Na fara ja da baya a hankali. Ga shi kuma ya juyo yana kallona! Ya ga yadda na yi, sai ya yi murmushi ya ce, "Kwantar da hankalinka, Wanzam. Kai da ko madubi ba ka iya fasawa."

Dakarun suka gane nufinsa. Suka kewaye shi, suka ce ba inda za su, in mutuwa ce a mutu tare. Wani dattijo a cikinsu ya riƙe masa riga yana kuka wiwi. Jarmai ya yi umarni, ya yi lallashi, ba wanda ya gusa, ƙura kuwa sai matsowa take. Sai ya cire jakar daga wuyansa, abin da aka ce ba a taɓa ganin ya yi ba, ya rataya mini. Ya kama kafaɗuna ya ce a hankali, "Kwana uku ina lura da kai, ban ga wanda ya kai ka gudu ba. Yau tsoronka zai yi mana rana. Ka nufi Kalgamu, kada ka tsaya, kada ka waiwaya. Kowa ka ba shi tasa a hannunsa." Sannan ya daka mini tsawa irin wadda ban taɓa jin ya yi ba, "Gudu!"

Ai kuwa na ranta a na kare. Ina jinsa a baya yana cewa, "Ga tsakuwoyinku can sun yi gaba. Wane ne zai tsaya ya kunyata uwarsa?"

Haka ya ɗaure su da al'adarsu. Suka biyo ni suna kuka, wasu na tsine mini, wasu na roƙona in tsaya. Ban tsaya ba. Mantau kaɗai ke ganin baya, don a kwance ake jansa, shi ya riƙa faɗa mana da ƙarfi. "Ya isa tsakiya! Ya sara ɗaya! Ya sara biyu! Sun iso bakin Wuya! Kibiya ta same shi a kafaɗa, ya durƙusa. Ya tashi! Wallahi ya tashi! Ya sake sarawa!" Sai muka ji wata ƙara kamar an fasa tukwane dubu lokaci ɗaya, hanyar ta girgiza a ƙarƙashin ƙafafunmu.

Nan ne na saɓa masa, na waiwaya. Babu Wuya, babu Jarmai, babu mahayan da ke sahun gaba. Baƙin ruwa ne kawai ke tafasa, sauran Zarkawa sun yi cirko-cirko a ƙetare. Na zauna a kan gishirin nan na yi kuka kamar ƙaramin yaro, ban ji kunyar kowa ba.

Da la'asar sakaliya muka isa ƙofar Kalgamu. Iyaye mata sun yi layi a jikin ganuwa, kowacce ta dunƙule hannuwanta ta ɓoye cikin zane, kamar yadda suka saba, don kada a sa musu komai a ciki. Suka ga baƙo da jakar jarmai a wuya, suka zubo mini ido. Na kwance bakin jakar. In ɗauko tsakuwa in ɗaga, mai ita ya gane shaidarsa ya zo ya karɓa. Mantau ya karɓi tasa daga kwance. Arba'in suka fita, arba'in suka shiga hannun masu su, ba ko ɗaya da ta je hannun uwa.

Na zo naɗe jakar sai na ji wani abu a ƙasanta. Na zazzage. Wata 'yar jar tsakuwa ce irin ta dutsen da muka baro, ba irin ta Kalgamu ba. An zana mata layi biyar a jere, da wani ɗan guntu na shida a gefe. Na dubi tsakuwar, na dubi hannuna. Ashe lokacin da ya ce aikin na wanda ba shi da tsakuwa ne, ya san shi kaɗai yake nufi.

Ina tsaye haka sai wata 'yar tsohuwa ta fito daga layin tana dogara sanda. Giɓinta kawai na gani na san ko wace ce. Iya Tasalla, mahaifiyar Jarmai. Ta dubi fuskokin dakaru ɗaya bayan ɗaya har ta kai ƙarshe. Sannan ta fito da hannunta daga cikin zane ta buɗe shi, ta tsaya. Ta san al'ada sarai, ta san ba abin da za a sa mata, amma hannun ya ƙi komawa. Ban taɓa ganin abin tausayi kamar wannan tafin hannun ba.

Na durƙusa gabanta na ce, "Iya, ga wannan. Da hannunsa ya zana ta, ita ce abu na ƙarshe da ya yi wa wani. Ke ta fi dacewa da ita."

Ta karɓa ta shafa zanen da yatsa, ta kama hannuna ta ƙirga yatsun. Ta ce, "Ɗan nan, taka ce. Ina uwarka?"

Na faɗa mata, har da zancen Marmaru da ya rage mini wata biyu.

Ta mayar mini da tsakuwar cikin tafina, ta naɗe yatsuna a kanta da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. Ta ce, "Ɗana ya rantse duk wanda ke cikin jakarsa zai kai shi gida. Arba'in sun iso. Kai ba ka isa ba tukuna. Kada ka sa ya zama mai karya rantsuwa yana ƙarƙashin ruwa."

Marmaru ke nan da ban gani ba har yau. Shi ya sa in na ɗinke muku rauni yake barin tabo, sai ku yi haƙuri. Na ɗora wa Mantau ƙafa, na jira aka kori Zarkawa aka buɗe wata hanya ta kudu, na juyo. Shekara biyu ina tafe, kullum ina fargabar kada in tarar an rufe ɗakin.

Ranar wata Talata da hantsi na shigo garin nan. Na same ta zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake da lalube, idon ya tafi. Na yi sallama, ba ta gane muryar ba. Na durƙusa na miƙa mata hannun dama. Ta lalubi yatsun, ɗaya, biyu, har ta kai ga ɗan guntun nan, sai ta riƙe shi gam. Can ta ce, "Ɗan banza. Geron naka bai nuna ba sai yanzu?"

Ta ji akwai abu a ɗaya hannuna, ta buɗe tafinta ta ce, "Me ka kawo mini? Ba ni in ji."

Na ce, "A'a Inna, wannan ba a hannunki za a sa ta ba."

Na tona ƙasa a nan bakin ƙofarta, na kafa tsakuwar, na danne ta da kyau. Sannan na juya fuskata wajen da Tekun Gishiri yake, na ɗaga murya yadda ko maƙwabta sai da suka leƙo, na ce, "Jarmai Anaruwa, ranka ya daɗe, arba'in da ɗaya. Mun iso duka."